Maƙogwaron Inji

Abokan karatuna da suka saba shiga ɗakina a nan Samaru sun sha tambayata dalilin da ya sa na ajiye wani curin ƙarfe a kan tebur ina danne takardu da shi, alhali kuwa dutsen bakin hanya ma zai iya wannan aiki. Kullum nakan ce musu kan injin babur ne, in ja bakina in yi shiru. To, da yake editan wannan mujalla ya matsa mini lamba sai na kawo wani abu da ya shafi rayuwata, ba nazarin waƙa ko na karin magana ba, na ga gara in feɗe biri har wutsiya, ko da yake labarin bai yi mini ado ba ko kaɗan.

Yayana manomi ne, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uban gidanmu. Yana da 'yar fadama a bayan Shika, idan an ratse daga titin Funtuwa, inda yake noman masara da damina, da rani kuwa ya yi tumatir da albasa. Duk kuɗin da na taɓa biya a wannan jami'a, tun daga na rajista har na sabulu, daga cikin kwandon tumatir ya fito. Tsakanin fadamar da bakin titi, inda manyan motoci suke tsayawa su yi lodi zuwa kasuwannin Kudu, tafiyar kamar kilomita 3 ce, amma a tsakiyarta akwai wani busasshen rafi mai yashi, sa'an nan daga cikin rafin sai a hau wata gaɓa mai tsayi kafin a kama tudu. Da can 'yan a-kori-kura ne suke shiga su kwaso kaya. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sai kuɗin ɗauka ya yi tashin gwauron zabi, wasu direbobin ma suka ce ko nawa za a ba su ba za su ƙara sauka cikin wannan yashi ba. Wannan ne ya sa Yaya ya sayar da bijimi, ya tafi Kaduna ya sayo tsohon babur mai ƙafa huɗu, ya sa mai walda ya haɗa masa 'yar amalanke wadda take cin kwando 6.

Watakila wasu daga cikin masu karatu ba su taɓa ganin irin wannan babur ba sai a majigi. Kamfanin Honda ne ya fara fito da kakansa a shekarar 1970, mai ƙafa uku da tayoyi ɓul-ɓul kamar tulu, aka yi ta cinikinsa a Amurka domin yawo a daji da rairayi. Amma mai ƙafa ukun ya cika kifewa da mutane, har a 1988 aka yi yarjejeniya tsakanin hukumomin Amurka da kamfanonin aka daina sayar da sababbinsa a can. Kafin wannan lokaci kuwa Suzuki ta riga ta fitar da mai ƙafa huɗu tun 1982, shi ne kuma ya gaji wurin. Na Yaya dai ba ɗan waɗannan manyan gidaje ba ne. Ƙirar ƙasar Sin ne, injinsa mai silinda ɗaya, si-si 200, kuma daga baya na gane cewa jikan Honda CG125 ne, watau babur ɗin nan da aka fito da shi a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu inda ba a cika kula da canjin baƙin mai a kan kari ba. Injin irin wannan zuriya shi ne a cikin yawancin kekunan nan masu ƙafa uku da suke dakon kaya a kasuwanninmu.

A kan tudu babur ɗin ba shi da laifi. Amma da zarar an ɗora masa kwando 6 ya shiga yashi ya fuskanci gaɓar nan, sai ya kai tsakiya ya fara shessheƙa, ya yi tari, ya mutu. Dole a sauke kwando 2, yara su tura, a dawo a ɗauki sauran a ka. Haka na tarar da su a watan Janairu na 2024 da na je gida kwana biyu, tumatir yana tsakiyar nuna.

A nan ne ƙaramin sani, wanda Hausawa suka ce ƙuƙumi ne, ya shiga cikin maganar. Na yi kwana da kwanaki ina kallon wasu Amurkawa a wayata suna nuna yadda ake ƙara wa irin waɗannan babura ƙarfi ta hanyar da suke kira fotin da folishin, watau sassaƙe hanyoyin iska da suke cikin kan inji da kuma goge su. Bayanin da suke yi gaskiya ne, kuma ya kamata in maimaita shi a nan domin a gane inda na kauce. Inji mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, ƙirji ne kawai mai numfashi. Fistin ya yi ƙasa ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya yi sama ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tunkuɗa fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawowa ya fitar da hayaƙi. Mutane suna zaton fetur ne abincin inji, amma fetur ɗan gishiri ne a cikin miya. Idan aka bi ta nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar kusan kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sosai, watau lita guda ta fetur sai ta ci iska kusan lita 9,000. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, shigar da iska shi ne aiki. Iskar nan kuwa duk ta wata 'yar kafa take bi, wadda ba ta fi a zura babban yatsa ba, ta yi kwana, ta ratsa gefen bawul ta faɗa cikin silinda. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, bawul ɗin shiga yana buɗewa ya rufe sau 50 a kowace daƙiƙa. Duk wani ƙurji ko tudu da ke cikin wannan kafa yana rage abin da zai shige a wannan ɗan ƙiftawar ido.

Ni da na ci jarrabawar ilmin furuci, sai na ji kamar a ajinmu ake maganar. Ai mu ma an koya mana zirin iska, da yadda yake tasowa daga huhu ya bi ta maƙogwaro, da yadda mafurta suke tsuke masa hanya a sami zuzau ko su datse shi a sami tsayau. Na ce a raina, wanda ya iya bambanta haɗiyau da tunkuɗau, ina wuyar maƙogwaron babur? Abin da na manta, kuma yana nan cikin darasin da nake taƙama da shi, shi ne cewa tsukewar hanya ita take ba iska gudu. Duk wanda ya taɓa yin fito da baki ya san ba a wage baki a yi shi.

Na sami Yaya da daddare na yi masa bayani da kalmomi manya-manya. Ya saurara, ya ce, "Auta, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce motar lodi za ta dawo jibi da yamma. Na ce gobe kafin la'asar na gama. Har yanzu idan na tuna yadda ya miƙo mini mabuɗin ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ba, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin ba hujjata ce ta gamsar da shi ba, karatun da yake biya ne ya girmama.

Washegari na ari injin huda na hannu da 'yan duwatsun wasawa a wurin mai walda, na tayar da janareto, na kwance kan injin na ɗora a kan benci. Ƙarfen gorar-ruwa ne, mai taushi, dutse yana cinsa kamar ana kankare rogo. Da na ga yana ci sai daɗi ya kama ni. Na faɗaɗa kafar shiga ta kowane gefe, na kwashe ƙasanta inda take yin kwana domin in miƙar da hanya, na ga kamar bai isa ba na ƙara. Sau ɗaya dutsen ya kuɓuce ya yi tsalle ya daki bakin da bawul yake zama, na duba na ga ɗan tabo kamar ƙwayar gero, na ce ba kome. Bayan haka na bi da samfefa, mai kaushi da mai laushi, na ƙarasa da man goge ƙarfe, har sai da na ga fuskata a cikin kafar, a murɗe kamar a bayan cokali. Yaran unguwa suka taru suna leƙe suna mamaki. Na ɗaure kome kafin la'asar kamar yadda na yi alkawari.

Da ƙyar ya tashi. Da ya tashi kuma ba ya tsayawa da kansa sai an riƙe totur, yana atishawa ta kafireta. Ba kwando 6 ba, amalanken ma babu kome a ciki da ƙyar ya fitar da ita daga yashi. Garin neman gira an rasa ido. Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallon babur ɗin, sa'an nan ya ce a nemo mota a kai shi Sabon Gari da asuba, ni zan raka shi, shi kuwa zai tsaya ya nemo 'yan dako.

Ɗalibai da yawa ba su san Sabon Gari ba sai dai kasuwa da tashar mota, su sauka a Kwangila su wuce. Amma unguwar nan jirgin ƙasa ne ya haife ta, tun bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911 ya jawo leburori da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran wurare, kuma har yau akwai lungunan da hannun mutanensu bai rabu da ƙarfe ba. A ɗaya daga cikin waɗannan lunguna, bayan layin masu sayar da kayan babur, akwai wani tsoho da kowa yake kira Baba. Kakansa daga ƙasar Yarbawa ya zo aikin reluwe, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausar da ke bakinsa ta fi ta wasu 'yan ajinmu tsabta. Garejinsa rumfar kwano ce da benci biyu da yara uku.

Bai tambaye ni kome ba sai da yaransa suka sauke kan injin suka miƙa masa. Ya ɗaga shi sama ya leƙa kafar ta fuskar rana, ya zura ɗan yatsa ya shafa, ya ce, "Wane mai kayan kwalliya ne ya yi wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Kai bakanike ne?" Na ce ɗalibi ne a Samaru. Ya tambayi abin da nake karanta, na ce Hausa. Ya yi dariya har sai da ya ajiye kan injin, ya ce, "To, Malam, zauna, yau ni zan yi maka karatu da Hausa."

Ya kifar da kan injin, bawul biyu suna rufe, ya zuba kananzir a cikin ɗan kwarmin da wuta take ci. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga kananzir yana tsiyaya ta kafar shiga. Ya ce wannan ƙwayar geron da na raina ita ce ta fara kashe injin, domin duk lokacin da fistin ya matsa, matsin yana zurarewa ta nan. Mazaunin bawul an yanka shi ne a kan kusurwa mai digiri 45, ya haɗu da leɓen bawul ba tare da ko gashi ya shiga tsakani ba. Ya ce da wannan ne kaɗai laifin, da sai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su sake yanka shi ko su dasa sabo. Babban laifin shi ne faɗin da na yi wa kafar, domin ƙarfen da aka kankare ba ya komawa. Akwai masu cike irin wannan da gam mai ƙarfi su sake sassaƙawa, amma shi bai yarda ya tura injin da zai yi aiki a daji da gam a maƙogwaro ba.

Ya tambaye ni ko yayana yana ban ruwa. Na ce yana yi. Ya ce in tuna yadda ruwa yake gudu a cikin siririn lambatu, da yadda yake kwanciya ya yi lamo idan ya fito fili mai faɗi, har yashin da ya ɗauko ya zauna a ƙasa. Iska ma haka take. Tana da nauyi, kuma idan tana gudu a cikin kafa takan ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko bayan fistin ya kai ƙasa ya fara juyowa. Idan kafa ta yi faɗi fiye da kima, gudun ya mutu, wannan cusawar ta tafi, fetur ɗin da iskar ta ɗauko kuma ya zube a bango ya riƙa shiga guntu-guntu. Babbar kafa tana da amfani ga injin tsere wanda kullum yake kururuwa a can sama. Mai jan tumatir a cikin yashi kuwa ƙarfinsa a ƙasa ake nemansa, lokacin da injin yake juyi a hankali. Watau na ɗauki maganin dokin sukuwa na ɗura wa jakin dako. Game da ƙyallin da na yi alfahari da shi, sai ya ɗiga ruwa a kan gilashin madubin babur ya nuna mini yadda ya dunƙule ya gangara, ya ɗiga a kan bulo ya baje. Ya ce kafar shiga ana barinta da ɗan kaushi domin fetur ya baje iska ta sake kwashe shi, kafar fita ce ake gogewa sumul domin kada dauɗar hayaƙi ta sami wurin kamawa. Daga baya na karanta cewa masana suna da saɓani a kan girman illar da santsi yake yi, amma ban ga wanda ya ce ƙyalli yana ƙara ƙarfi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan wannan. Baba ya sa yaro ya buɗe akwatin abin tace iska, ya zaro soson ya buga shi a ƙasa. Ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari. Ya ce, "Ga wanda ya shaƙe shi tun farko." Ya duba ringi ya ga sun cinye, ya ce ƙurar da ta sami hanya ta wuce ita ta cinye su. Ya ƙara da cewa kowane inji a Zariya da ɗan rauninsa yake tashi, gama garin yana bisa tudu fiye da mita 600 daga teku, iskarsa ba ta kai ta Ikko kauri ba. Wannan ma na bincika na tarar haka ne: ƙiyasin da aka saba yi shi ne inji yana rasa kamar kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. Da na wanke soso da kananzir, aikin minti goma, da watakila babur ɗin ya hau gaɓar da kwando 5.

Ba a sami kan inji irinsa a Sabon Gari ba a ranar. Wani mai shago ya yi waya Kano, aka ce za a duba a Ƙofar Ruwa. Wanda aka fara aikowa ramukan ƙusoshinsa ba su dace ba, aka mayar. Kwana biyar ina zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari, in fito daga lacca in hau bas ta Palladan, in zauna a bencin Baba har magariba, ba na iya kiran Yaya a waya saboda kunya.

Da na biyun ya iso, na zaci Baba zai ɗaura shi yadda yake, tun da ya gama nuna mini wautar taɓa shi. Sai na ga ya jawo akwatin magagari. Ya ce aikin da na so in yi aiki ne na gaske, shi ma yana yi, wurin yi ne da gwargwado ban sani ba. Shi gyaran maƙogwaro yake kiransa. Ya nuna mini cikin sabuwar kafar, inda akwai wani siririn tudu da ya bi tsawonta da 'yan ƙuraje nan da can. Ya ce kan inji zuba shi ake yi kamar yadda masu ƙera tukwanen gorar-ruwa suke zuba narkakken ƙarfe a cikin ƙasa, kuma kamar yadda sabuwar tukunya take fitowa da gefe inda ɓangarorin zubi suka haɗu, haka wannan. Kamfani mai yin dubbai a rana ba shi da lokacin bin kowanne. Waɗannan ƙurajen su ne abincin mai gyara.

Ya ɗauki gasket ɗin da yake shiga tsakanin kan inji da wuyan kafireta, ya ɗora, ya shafa baƙin tukunya a gefen ramin, ya ɗaga. Sai ga wani ɗan leɓe kamar jinjirin wata a gefe ɗaya, inda ramin kan injin bai yi daidai da na wuyan ba, iska tana zuwa tana karo da shi. Wannan leɓen kaɗai ya cire, ya lallaɓa shi ya shige ciki a hankali. Sa'an nan ya koma ƙarƙashin mazaunin bawul, inda wuƙar kamfani ta tsaya ta bar gaɓa tsakanin yankakken wuri da zubabben wuri, ya share gaɓar da ɗan siririn magagari, bayan ya zura wani tsohon bawul ya kare mazaunin domin kada hannu ya kuɓuce. Ƙasan kafar, wajen kwanar da ni na kwashe gaba ɗaya, bai rage mata tsayi ba ko kaɗan, ya dai kashe mata kaifi ya mai da ita kamar bayan ƙwarya. Ya ce iska ba ta son kwana mai kaifi, idan ta zo da gudu sai ta saki bango ta yi tsalle ta toshe wa 'yar'uwarta hanya, amma idan aka ba ta gangare mai lanƙwasa sai ta manne ta bi.

A manyan wuraren wannan sana'a a Turai da Amurka akwai tebur na musamman mai zuƙo iska ta cikin kafa yana auna yawanta da lamba. Baba ba shi da wannan. Yana da tsohuwar na'urar zuƙe ƙura da ya saya a wurin 'yan gwanjo, ya haɗa bakinta da kwarmin kan injin da robar tayar keke, ya ɗan ɗaga bawul, ya ɗaura zare a bakin waya ya riƙa zurawa cikin kafar. Inda iska take tafiya lafiya zaren yakan miƙe ya tsaya cak, inda take rikici kuwa sai ya riƙa karkarwa yana juyi. Ya goga kaɗan, ya sake gwadawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk ƙarfen da ya cire a yinin nan, da za a tara shi, ba na jin zai cika murfin kwalba, alhali ni nawa sai da na share shi da tsintsiya. Kafar shiga ya bar ta da sawun samfefa mai kaushi wanda ya naɗa a bakin tsagaggen ƙarfe. Kafar fita ya goge ta har ta yi sheƙi, ya dube ni ya ce, "Ga naka rabon, Malam, tun da kana son madubi." A ƙarshe ya shafa wa leɓen bawul man niƙa, ya riƙa murza sandarsa tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, har wani siririn zobe mai launin toka ya zagaye bawul da mazauninsa ba yankewa. Ya zuba kananzir, muka tafi salla muka dawo, ko ɗigo bai sauka ba.

Bai tsaya nan ba. Ya sa sababbin ringi, ya daidaita tazarar bawul, ya wanke soso ya shafa masa mai, ya ƙara girman 'yar ƙusar da take auna fetur a cikin kafireta da mataki ɗaya, domin injin da ya sami ƙarin iska bai sami ƙarin fetur ba zafi yake yi har ya ƙona bawul. Ya sa aka zagaya da babur ɗin, ya zare fulogi ya duba bakinsa, ya ce launin ƙasa-ƙasa ake so, fari yunwa ce, baƙi kuwa ƙoshi ya yi yawa. Daga nan ya aiki yaro ya sayo faifan haƙoran baya, wanda sarƙa take ja, mai haƙora fiye da na da. Ya ce wannan zai rage wa babur ɗin gudu a kan titi, amma zai ƙara masa ƙarfin ja, kuma tumatir ba ya sauri sai dai ya isa.

A rana ta tara babur ɗin ya koma fadama. Na tsaya a kan gaɓa zuciyata tana dukan uku-uku, Yaya ya shigo yashi da kwando 6, ya sa giya ta ɗaya, ya hau har tudu ba tare da injin ya canja murya ba. Da na koma na tambayi Baba nawa ne rabon gyaran maƙogwaro a cikin wannan nasara, sai ya ce shi bai auna ba, amma in ya faɗi gaskiya ringi da soso da faifan sarƙa su ne suka ɗauki kwando biyar da rabi. Na so ƙwarai ya ce mini fiye da haka.

A cikin kwana taran nan motar lodi ta zo sau uku. 'Yan dako sun kwashe abin da suka iya a ka, a kan kuɗin da ya cinye ribar, sauran kuwa ya nuna ya wuce yadda dillali zai karɓa. Wajen kwando 20 ne aka yanka aka shanya a kan tsandauri ya zama kauɗa, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na ɗanye ba. Yaya bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ranar da na dawo da babur ɗin na tarar da mata da yara sun kewaye tarin tumatir suna yanka, sai ya zaro wuƙa daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Auta, tun da hannunka yana son sassaƙa, ga wuri." Na zauna cikinsu har rana ta faɗi. Da lokacin rajista ya zo ya biya kuɗin cif-cif. Sai daga baya innarmu ta gaya mini cewa albasar da ya yi niyyar adanawa har farashinta ya hau, ita ya fitar tun tana arha.

Tun daga lokacin nakan je Sabon Gari ranar Asabar da ɗan littafina, ina rubuta kalmomin da ake amfani da su a rumfar Baba. Wasu ararru ne da harshe ya tauna ya daidaita, irin su fulogi da totur da salansa da kuloci. Wasu kuwa daga jikin mutum da na dabba aka ɗebo su: inji yana da kai da wuya da ciki, yana tari, yana shaƙewa, yana jin yunwa, yana mutuwa a kuma tashe shi. Malamanmu sun yi babban aiki wajen samar da kalmomin nazarin harshe da adabi, kamar yadda aka tattara a littafin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, amma kalmomin bakin benci suna nan birjik ba mai bi ta kansu, kuma da su nake fatan yin kundin digirina idan sashe ya amince. Baba yakan karɓi littafin ya sa tabarau ya duba, ya ce wannan ba haka ake faɗi ba, wancan kuma Hausar 'yan makaranta ce, ba bakaniken da zai gane ta. Ya so in bar masa tsohon kan injin ya sayar wa masu tukwane, ya ce zai yi ƙaramar tukunyar shayi, na roƙe shi ya bar mini.

A makon jiya Yaya ya aiko wani yaro har ɗakina da injin ban ruwansa a cikin buhu, an ɗaure bakin buhun da igiya tam. Yaron ya ce an ce injin ya rage ja, in kai wa Baba. Ya juya zai tafi sai ya dawo, ya ce ya manta da sauran saƙon: wai an ce kada in kwance igiyar sai a gabansa.